NOTOKOD DA DABBOBIN RUKUNIN KODATA: SIFFOFINSU DA NEMA MASU SUNA A HAUSA

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin harshe ba ya rabuwa da aikin fassara. Yau a kawo masa takardar asibiti, gobe a miƙo masa darasin kimiyya a ce ya mayar da shi Hausa domin 'yan makaranta ko masu sauraron rediyo. A irin wannan aiki, kalmar da ta fi ruɗarwa ita ce wadda ta yi kama da wani abu da muka sani, alhali kuwa ba shi ba ne. Ɗaya daga cikin irin waɗannan kalmomi ita ce notokod, wadda ake karantarwa a darasin ilimin halittu a babbar sakandare. Sau da dama nakan ji an fassara ta da "ƙashin baya", wasu kuma su ce "laka". Duka fassarorin biyu sun kauce, kuma yaron da aka ɗora a kansu zai daɗe bai gane darasin ba.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana mece ce notokod, a kawo siffofin dabbobin da ke da ita, sannan a duba sunan da ya fi dacewa da ita a Hausa. Yawancin misalan zan ɗauko su ne daga abin da ido ke gani a unguwarmu ta Kumbiya-Kumbiya a cikin garin Gombe, wato teburin mahauci da tiren mai kifi da kududdufin damina.

2.0 Yadda Ake Kasa Halittu

Bahaushe yana da tasa hanyar ta kasa halittu masu motsi. Akwai dabba, akwai tsuntsu, akwai kifi, akwai kuma ƙwaro. Ma'aunin da ya yi amfani da shi shi ne wurin zama da yanayin tafiya: mai ƙafa huɗu dabba ne, mai tashi tsuntsu ne, mazaunin ruwa kifi ne. Wannan ma'auni ya ishi manomi da mafarauci da masunci, amma yana da wuraren da yake cijewa. Jemage yana tashi amma yana shayarwa. Kwaɗo yana fara rayuwa a ruwa ya ƙare ta a tudu.

Masana ilimin halittu kuwa tsarin ginin jiki suke dubawa, musamman a lokacin da halitta take ɗan tayi. Da wannan ma'auni suka haɗa mutum da rago da kaza da ƙadangare da kwaɗo da tarwaɗa a babban rukuni guda, wanda a littattafai ake rubuta sunansa na Latin Chordata, mu kuma a nan za mu riƙa rubuta shi Kodata. Fara da kunama da tana da katantanwa da ƙaguwa duk suna waje da wannan rukuni. Ke nan, a wurin masana, tarwaɗa ta fi kusa da ɗan Adam a tsarin jiki fiye da kusancinta da ƙaguwar da suke zaune a ruwa ɗaya.

Siffofi biyar ne ake gane ɗan wannan rukuni da su. Abin lura shi ne ba dole ba ne a same su a jikin babba. Sharaɗin kawai shi ne su bayyana a wani mataki na rayuwa, ko da kuwa na 'yan kwanaki ne a cikin ƙwai ko a mahaifa.

3.0 Mece ce Notokod?

Kalmar ta samo asali ne daga kalmomi biyu na harshen Girka, ɗaya tana nufin baya, ɗayar kuma tana nufin tsirkiya irin ta abin kiɗa. Wani masani mai suna Karl Ernst von Baer shi ya yi bayaninta a shekarar 1828, bayan ya yi nazarin ɗan tsako a cikin ƙwai. Richard Owen na Ingila kuma shi ya raɗa mata wannan suna a 1848.

Notokod wata 'yar sanda ce mai lanƙwasuwa da ke miƙe a tsawon jiki, ta wajen baya. Tana kwance ne a ƙarƙashin laka, a saman hanji. Babu ƙashi a cikinta ko kaɗan. Ƙwayoyin halitta ne masu cike da ruwa, an ɗure su a cikin wani kube mai ƙarfi, kamar dai tiyon da aka cika da ruwa aka toshe bakinsa. Irin wannan tiyo yana lanƙwasuwa dama da hagu, amma idan aka danno shi daga ƙarshensa biyu ba ya gajarcewa.

Amfaninta iri biyu ne. Na farko shi ne motsi. Tsokar da ke gefen dama ta ja, sannan ta hagu ta ja, to da yake sandar ba ta gajarcewa sai jiki ya riƙa kaɗawa, halittar ta yi gaba a cikin ruwa. Da babu ita, da jikin sai dai ya takure ya miƙe kamar na tana. Na biyu shi ne jagoranci. A jikin ɗan tayi, notokod tana fitar da sinadarai da ke tsara yadda laka da tsoka da gaɓoɓin ƙashin baya za su ginu a kewayenta. Ana iya kwatanta ta da igiyar da magini ke ja kafin ya fara jera bulo: gini yana bin ta, idan kuma ya tashi ba a ƙara ganinta.

4.0 Sauran Siffofi Huɗu

4.1 Laka mai rami ta wajen baya

Idan mahauci ya tsaga gadon bayan rago a tsaye, za a ga wani farin abu mai laushi kwance a cikin ramin ƙashin. Wannan ita ce laka, ba ta taɓo ba, wadda Bahaushe ke nufi idan ya ce wane ba shi da laka a jiki. A wurin 'yan Kodata, laka tana wajen baya ne, kuma tana farawa a matsayin bututu mai rami, wanda gabansa ke buɗewa ya zama ƙwaƙwalwa. A cikin kogunan ƙwaƙwalwa ake samar da ruwan nan da ke kewaye laka, wanda likita ke zuƙa daga ƙugu idan yana zargin sanƙarau. Fara kuwa tsarinta a juye yake: babbar jijiyarta tana bin ƙasan ciki kuma ba ta da rami, zuciyarta ce ke wajen baya.

4.2 Tsagogin maƙogwaro

Kowane ɗan Kodata yana da jerin tsagogi ko aljihuna a gefen maƙogwaro. A jikin kifi su ne ke zama wurin numfashi. Duk wanda ya ɗaga murfin da ke gefen kan karfasa zai ga jajayen layuka a jere, ruwa yana shiga ta baki ya fita ta tsakaninsu. A jikin mutum aljihunan suna bayyana a makonnin farko na ciki, amma ba sa hujewa, kuma ɗan tayi ba ya numfashi da su. Wasu sassa ne ke ginuwa daga gare su. Misali, aljihun farko shi ke zama 'yar hanyar da ta haɗa kunne da maƙogwaro, wadda ke buɗewa idan kunne ya toshe mutum ya haɗiyi yawu.

4.3 Wutsiya bayan dubura

A nan ma sai mai fassara ya yi hattara, domin ba duk abin da Bahaushe ya kira wutsiya ne masana ke nufi ba. Wutsiyar Kodata ita ce sashen jiki da ya zarce dubura, babu hanji a cikinsa. Shi ya sa ƙadangare ke iya yar da tasa ya tsere, cikinsa lafiya lau. Abin da muke kira wutsiyar kunama kuwa ci gaban ciki ne, hanji ya ratsa ta cikinsa har zuwa gindin ƙari. Ɗan Adam ma yana da wutsiya a sati na biyar na ciki, sannan ta shige kafin ƙarshen sati na takwas, ta bar ɗan ƙashin nan da ke ƙarshen gadon baya.

4.4 Kwarmin ƙasan maƙogwaro

Tsofaffin littattafai siffofi huɗu suke lissafawa har da notokod, na baya-bayan nan kuma suna ƙara wannan ta biyar. Wani kwarmi ne a ƙasan maƙogwaro mai fitar da majina domin kama ƙananan abinci daga ruwa, kuma yana tara sinadarin aidin. A jikin masu ƙashin baya, takwaransa shi ne ƙullutun nan na gaban wuya wanda ake kira tayirod, wanda idan ya kumbura ake cewa mutum ya yi maƙoƙo. Ƙarancin aidin shi ne babban dalilin maƙoƙo, shi ya sa ake zuba aidin a gishirin da muke saye a kasuwa.

5.0 Talibambam a Matsayin Misali

Malamin da ke son nuna wa ɗalibai waɗannan siffofi ba sai ya nemi kayan aiki daga nesa ba. Idan damina ta zauna a watan Yuli da Agusta, kududdufai da lambatu a unguwa cike suke da talibambam. Wannan ɗan halitta yana da laka ta wajen baya, yana numfashi ta tsagogin maƙogwaro kamar kifi, yana da wutsiya bayan dubura, kuma notokod ce ke riƙe da wutsiyar nan da yake kaɗawa. Bayan 'yan makonni sai ƙafafu su fito, tsagogin su toshe, jiki ya shanye wutsiyar, ya zama kwaɗo. Abin sha'awa, sinadarin tayirod ne ke tafiyar da wannan sauyi. A shekarar 1912 wani mai bincike da ake kira Gudernatsch ya ciyar da talibambam naman tayirod, sai suka rikiɗe tun lokacinsu bai yi ba, suka zama 'yan mitsi-mitsin kwaɗi.

Wanda ya ga babban kwaɗo kawai zai rantse ba shi da wutsiya. Wannan ne dalilin sharaɗin da aka ambata a baya, cewa siffar ta bayyana a wani mataki na rayuwa.

6.0 Rassan Kodata Uku

Reshe na farko shi ne na masu ƙashin baya, wato kifaye da kwaɗi da masu jan ciki da tsuntsaye da masu shayarwa. Su ne mafi yawa, nau'o'insu sun haura 60,000.

Reshe na biyu shi ne na wata 'yar halitta da ake kira amfiyoksas, mai tsawon kamar ɗan yatsa, mai tsini gaba da baya, wadda ke binne jikinta a yashin gaɓar teku. Nau'o'inta kimanin 30 ne. Tana riƙe da dukkan siffofin nan biyar har ta mutu, kuma ba ta da ƙashin baya. Da Peter Pallas ya fara bayaninta a 1774, cikin dangin katantanwa ya saka ta.

Reshe na uku shi ne na tunikata, masu nau'o'i kimanin 3,000, su ma a teku. Babbansu kamar 'yar salka yake mai baki biyu, manne a jikin dutse ko jirgin ruwa, idan aka matsa shi ya feso ruwa. Ba wanda zai gan shi ya ce yana da dangantaka da kifi. Sai a 1866 Alexander Kowalevsky na Rasha ya nuna cewa ɗansa kamar talibambam yake, da wutsiya da notokod da laka. Yakan yi iyo na ɗan lokaci, ya manna kansa a wani wuri, ya shanye wutsiyar da notokod ɗin. Binciken ƙwayoyin gado da aka buga a 2006 ya nuna cewa tunikata sun ma fi amfiyoksas kusanci da masu ƙashin baya.

A nan ne illar fassarar farko take fitowa fili. Idan malami ya ce notokod ita ce ƙashin baya, to Kodata ya zama "masu ƙashin baya" ke nan. Yaya zai yi da rassa biyun nan da ba su da ƙashi ko ɗaya? Dole ya ce wa ɗalibi akwai masu ƙashin baya marasa ƙashin baya, magana ta rushe. Ƙa'idar ita ce: duk mai ƙashin baya ɗan Kodata ne, amma ba duk ɗan Kodata ne ke da ƙashin baya ba.

7.0 Ina Take Shiga Idan An Girma?

Amsar ta danganta da irin dabbar. Mu fara da gaiwa, kifin nan mai huhu da ake samu a fadamu da tafkunan ƙasar Hausa da yankin Tafkin Chadi da na kogin Binuwai. Idan ruwa ya ƙafe takan shige cikin taɓo, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta yi watanni tana shaƙar iska ta wata 'yar kafa, tana rayuwa da tsokar jikinta. Daga nan Hausawa suka samo zancen gaiwa mai cin jikinta. Ita gaiwa tana riƙe da notokod ɗinta a miƙe har girma, ba ta da dunƙulallun gaɓoɓin ƙashin baya irin na sauran kifayenmu.

Tarwaɗa da karfasa, irin waɗanda ake kamawa a madatsar ruwan Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola a kawo su cikin gari, nasu tsarin daban ne. Mai karatu ya gwada wannan: idan ya gama cin kifi, ya ɓalle ƙashin bayan gaɓa-gaɓa. Zai ga kowace gaɓa tana da rami a fuskokinta biyu, ya tsuke a tsakiya kamar cikin kalangu. Ɗan abu mai laushi da ke cike ramin tsakanin gaɓa da gaɓa shi ne ragowar notokod, wadda ƙashi ya shaƙe.

A jikin mutum, notokod tana bayyana a sati na uku bayan shigar ciki. Daga baya gaɓoɓin ƙashin baya, waɗanda yawanci 33 ne, su ginu a kewayenta su maye gurbinta. Abin da ya rage nata shi ne tsakiya mai laushi na faya-fayan nan 23 da ke tsakanin gaɓoɓi, masu aiki kamar matashi idan mutum ya yi tsalle ko ya ɗauki kaya. Idan gefen faifai ya tsage, wannan tsakiya ta ɓullo ta danne jijiya, sai a sami ciwon baya mai sauka har ƙafa, irin wanda ke damun 'yan dako da direbobin doguwar tafiya. Haka kuma akwai wani ciwon daji da ba a cika samu ba mai suna kodoma, wanda ke tasowa daga ragowar ƙwayoyin notokod a gindin ƙoƙon kai ko a ƙarshen gadon baya. Yakan kama kimanin mutum ɗaya cikin miliyan a shekara.

Wani abin da ya kamata mai fassarar saƙon lafiya ya sani shi ne bututun laka yana gama rufewa ne wajen kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma san suna da juna biyu ba. Idan bai rufe daidai ba, akan haifi jariri da buɗaɗɗen baya. Wannan ne ya sa likitoci ke ba mace shawarar shan ƙwayar folik asid tun kafin ta ɗauki ciki.

8.0 Wane Suna Ya Dace?

Ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi ba baƙon aiki ba ne a fagen nazarin Hausa. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, aka buga a 1990, ya yi wa fannin harshe da adabi wannan hidima. A ganina, sunan da za a zaɓa ya kamata ya cika sharuɗɗa uku: ya dace da siffar abin, kada ya ci karo da wata ma'ana da aka riga aka sani, kuma ya yi sauƙin shiga jimla. Bari mu auna waɗanda ake da su.

"Ƙashin baya" ya faɗi tun a sharaɗin farko, domin notokod ba ƙashi ba ce. "Laka" ta faɗi a na biyu, domin sunan wani sashe ne daban da ke kwance a samanta. "Jijiyar baya" ta fi kowanne haɗari, saboda jijiya a Hausa ta ƙunshi hanyar jini da agara da hanyar saƙon ƙwaƙwalwa har da saiwar itace, mai sauraro ba zai san wadda ake nufi ba. "Igiyar baya" da "tsirkiyar baya" sun bi asalin kalmar ta Girka sau da ƙafa, sai dai igiya da tsirkiya ja suke jurewa, idan aka danno su sai su tattare, wanda kishiyar aikin notokod ne. "Sandar baya" ta kusa, amma sanda a tunanin Bahaushe abu ne sandararre.

Ni abin da na zaɓa shi ne "tsumagiyar baya". Tsumagiya siririya ce, doguwa, tana lanƙwasuwa ta dawo daidai, kuma ba ta gajarcewa. Babu wani sashen jiki da ke ɗauke da wannan suna a yanzu. Daga gare ta kuma sai a sami "masu tsumagiyar baya" a madadin Kodata, wanda ya yi daidai da ginin "masu ƙashin baya" da aka riga aka saba da shi. Sai jimlar da ta gagara ɗazu ta fito sumul: amfiyoksas tana da tsumagiyar baya amma ba ta da ƙashin baya. Na san wasu za su ce sunan yana tuna wa yaro dukan makarantar allo. Ina ganin wannan ba aibi ba ne, domin abin da ya sa aji dariya ba a saurin mance shi. Duk da haka, ya kamata malami ya riƙa haɗa sunan da kalmar aro ta notokod, tunda da ita ɗalibi zai haɗu a takardar jarrabawa.

9.0 Kammalawa

A taƙaice, maƙalar ta nuna cewa dabbobin rukunin Kodata ana gane su da siffofi biyar: tsumagiyar baya, da laka mai rami ta wajen baya, da tsagogin maƙogwaro, da wutsiya bayan dubura, da kwarmin ƙasan maƙogwaro ko tayirod. An ga cewa siffofin kan bayyana ne ko da a matakin ɗan tayi kawai, kuma tsumagiyar baya takan dawwama a jikin amfiyoksas da gaiwa, ta ɓace a jikin mafi yawan manyan tunikata, ta rage kaɗan a tsakanin gaɓoɓin bayan mutum. Haka nan an ga cewa ba a iya raɗa wa abu suna mai kyau sai an san siffarsa da aikinsa.

Sunan da na kawo shawara ce, ba hukunci ba. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu zuwa koyarwar gwaji, da su jarraba shi a aji su ga yadda yara za su karɓe shi. Haka kuma a tuntuɓi mahauta da masunta da masu ɗori, domin a bakinsu akwai sunayen sassan jiki da yawa da ba mu saba ji a aji ba. Wanda ya samo abin da ya fi wannan dacewa, sai ya rubuto a fitowa ta gaba mu ƙaru. Allah Ya sa mu dace, amin.